Zuciyar Gogo Tana Bugawa a Waya

Ranar Asabar da hantsi wayar ta shigo caji ofis, daga Ingila. Sajan Tshuma ce ta ɗauka. Ta saurara, ta yamutsa fuska, ta toshe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallaɓai, wata ce ke kuka. Wai an tafasa ruwa a gidan uwarta."

Insifekta Mabhena bai ɗago ba. "Mu ne hukumar ruwa?"

"Haka na ce a raina. Amma ta ce sai ta yi magana da babba."

Ya karɓa. Matar ta ce sunanta Sithabile, tana aiki a gidan kula da tsofaffi a can. Uwarta, tsohuwar da ake kira Gogo MaNkiwane, tana zaune ita kaɗai a unguwar Luveve, shi ya sa ta cika mata gida da na'urori. Ƙofa, fitila, akwatin magani, butar lantarki, duk abin da aka taɓa sai ya aika mata da labari a waya.

"To an tafasa ruwa. Ina laifin?"

"Yau Asabar ce, Yallaɓai! Mama 'yar cocin Asabar ce. Tun da ta haife ni ban taɓa ganin ta ɗumama ko ruwan wanke fuska ran Asabar ba. Juma'a take gama girkinta. Na kira, na kira, ba ta ɗauka."

Mabhena ya ɗauki hularsa.

Linet, matar da ke zaune a ɗakin bayan gidan, ita ta buɗe musu da makullinta. Suna sa ƙafa fitilu suka kunna kansu, wata murya ta fito daga bango.

"Sannu da dawowa, Mama. Ki zauna ki huta."

Sajan Tshuma ta yi tsalle baya, hannunta a kan kulki.

"Muryar Sisi Sithabile ce," in ji Linet, wadda ke kiranta Sisi, wato yaya. "Ɗauka aka yi aka zuba a ciki."

A kan kabad akwai kyamara, an lulluɓe ta da ɗan ƙyallen saƙa irin wanda ake rufe tulun madara. Mabhena ya taɓa butar lantarkin, da sauran ɗuminta. Daga nan wani wari ya kai su ɗakin kwana.

Gogo tana kwance a miƙe, an ɗaura mata kallabi, an haɗa hannayenta a ƙirji, an ja mata bargo har wuya. Fanka tana ta juyawa a kanta. Linet ta ƙwalla ihu ta fita da gudu.

Likitan da aka kira bai daɗe ba a ɗakin. Ya fito yana cire safar hannu.

"Ba yau ta rasu ba, ba kuma jiya ba. Ka ce Alhamis. Ƙashin ƙugunta ya karye, kuma ba a kan gado ake irin wannan karaya ba. Ta daɗe tana shan wuya kafin rai ya fita. Ga jar ƙasa cike da farcenta."

Mabhena ya kira Ingila. Ya faɗi abin da zai faɗa a hankali, yana jiran kukan. Kukan bai zo ba.

"Ba gaskiya ba ne," in ji Sithabile.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Yanzu na fito daga kanta."

"Na ce ba gaskiya ba ne! Ga zuciyarta nan tana bugawa a wayata. Yanzu haka ina kallo. Jiya da safe agogon ya gaishe ta, ta danna ta amsa. Yau ma ta danna."

"Wane agogo?"

"Na hannunta. Shi ke auna bugun zuciya. In ta faɗi, maɓalli ɗaya za ta danna, motar asibiti ta zo."

Ya koma ɗakin ya ɗaga bargon. Babu komai a hannun Gogo sai sawun madauri, inda fatar ta fi haske.

"Babu agogo a nan."

Sai yanzu kukan ya zo, da fushi a cikinsa. "Linet ce! Ita ke da makulli. Na ba ta ɗaki kyauta don ta riƙa leƙa mani Mama. Ku kama ta, Yallaɓai, kada ta gudu."

Mabhena ya tsaya a tsakar falo da waya a hannu. Ya ga gawa iri-iri a aikin nan, amma bai taɓa ganin wadda zuciyarta ta bar ta ta ci gaba da aiki a wani wuri ba.

Ya sami Linet a bakin ɗakinta, ta rufe fuska da zani.

"Yaushe rabonki da Gogo?"

"Jiya, Yallaɓai."

"Kun gaisa?"

"Mun gaisa."

"Me ta ce miki?"

"Ta ce... ta ce ta tashi lafiya."

"Likita ya ce tun Alhamis ta mutu. Kin saba gaisawa da matattu ne, ko jiya kika fara?"

Linet ta durƙushe. Ta ce a yi mata rai, ƙarya ta yi. Sammako take yi zuwa kasuwa inda take sayar da gwanjo, in ta ga fitilar kicin a kunne, ta ji buta na huci, ta ji muryar Sisi Sithabile tana gaisuwa, sai ta wuce abinta.

"Rabonki da shiga fa?"

"An kwana biyu. Yallaɓai, tun da aka kawo injinan nan sai na ga kamar an karɓi aikin daga hannuna. Gidan da ke magana da Ingila, me zan gani wanda bai gani ba?"

"Miƙo hannuwanki."

Ta miƙa, babu komai. Sajan Tshuma ta birkice ɗakin har cikin dilar gwanjo, ba ta sami agogo ba.

"Duk da haka, Yallaɓai," in ji Sajan, "makulli na hannunta, ta yi ƙarya, kuma 'yar mai gidan ta ambaci sunanta. Yau dai a bayan kanta za ta kwana."

Mabhena bai musa ba. In bai samo wani ba kafin su bar gidan nan, Linet za su tafi da ita, kuma tuhumar da za ta hau kanta ba ƙarama ba ce.

Takunda, mai kamfanin da ya haɗa na'urorin, ya iso a kan babur da jaka a baya. Mutum ne mai tumbi da saurin baki. Tun kafin ya cire hular kwano ya fara cewa kayansa ba sa kuskure.

"Ba sa kuskure," in ji Sajan Tshuma. "To matar da aka fita da ita yanzu a makara tana nan da rai ke nan. Je ka gaishe ta."

Takunda ya buɗe wayarsa. Ga wata 'yar jar zuciya a kan gilashi tana buɗewa tana rufewa, a natse, kamar ta mai zaune a inuwa. A ƙarƙashinta an rubuta sunan Gogo.

"Ina agogon yake?" in ji Mabhena.

"Ba ya nuna wuri, Shugaba. Amma da gidan nan yake magana. In ya wuce gida biyu ko uku sai ya yi shiru. Yana nan kusa."

"Ya san hannun mai shi?"

"Ƙwarai kuwa. Kaya ne masu ilimi."

"In na ɗaura shi yanzu, zai ce wannan Mabhena ne?"

Takunda ya share gumi. "To... zuciya dai zuciya ce."

"Wa ya taɓa yi maka wannan tambayar kafin ni?"

"Babu kowa."

Mabhena ya zuba masa ido. Takunda ya dubi babur ɗinsa, ya dubi Sajan, ya sauke murya.

"Gogo ce. Farkon damina na zo koya mata yadda ake kiran bidiyo, abin da na koya mata ya fi a ƙirga. Sai ta ce, 'Ɗana, abin nan ya san ni ne, ko ko wane hannu ya samu?' Na faɗa mata gaskiya. Na ce mata dai kada a bar shi a ajiye, in ya ji ba hannu zai tayar da gidan, ya tayar da Ingila."

"Ka faɗa wa 'yarta?"

"Gogo ta cika mani jaka da dankali, Shugaba. Ta ce in na buɗe baki za ta kai sunana coci a yi addu'a a kaina. Ka san addu'ar tsofaffin nan."

Mabhena ya zaga bayan gida shi kaɗai. Kansa ya ɗaure. 'Ya ta kashe abin da ta kashe don kada uwarta ta faɗi ba a sani ba. Uwar kuma ta zauna tana nazarin yadda za ta kuɓuce wa abin, kamar fursuna. Ya tuna tasa uwar a ƙauye, wadda yake aika wa saƙo yana ɗauka tamkar ya je ya gan ta.

A jikin bango ya ga fartanya, da jar laka a bakinta wadda ba ta gama bushewa ba. Ƙasar gidan kuwa baƙa ce. Jar ƙasa sai can bakin rafi, inda matan unguwa ke yankar fili su shuka masara. Daga ƙofar kicin sawun taya ɗaya ya tafi ya bi ta wata ɓaraka a shinge, ya shiga gidan maƙwabci.

Ya sake kiran Sithabile. "Uwarki tana noma?"

"Ta daina. Bara ta faɗi a gonar, na hana ta. Ta yi mani alkawari. Agogon ma shaida ne, kullum tana gida."

Maƙwabcin, dattijon da ake kira Khulu Hadebe, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, matarsa ta daɗe da rasuwa. Yana zaune a gindin gwaiba cikin wata ƙatuwar kwat ta aikin reluwe, ya ɓalle maɓallanta har wuya, ga rana tana dukan ƙasa.

"Sannu da hutawa, Khulu."

"Yawwa, ɗana. Na ji abin da ya faru. Allah ya ji ƙanta."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Tun Lahadi. Ni da ita ba ma shiri. Ta ce warin giyata yana tsallake shinge yana ɓata mata addu'a."

"Ba ka jin zafi ne, Khulu?" in ji Sajan Tshuma, wadda ta biyo baya. "Ko jirgin Ingila za ka tuƙa?"

"In kin tsufa za ki sani, 'yata. Sanyi daga ƙashi yake fitowa."

A jikin ɗaki an kifa wani baro, an wanke shi tas har taya.

"Baronka ya sha wanka," in ji Mabhena.

"Ni mutum ne mai tsabta."

"A tsakiyar damina?"

Tsohon ya ɗaga kafaɗa. Mabhena ya dube shi, ya dubi hannuwan da ya cusa a hammata. Tsoho ne da zai yi sa'ar ubansa, ba zai ce masa ya tuɓe a gaban mutane a kan zato ba. Ya yi sallama ya koma.

Kafin nan ƙofar gidan Gogo ta cika. Matan cocin sun taso daga ibada da fararen kallabai, sun zauna a ƙasa suna waƙa a hankali. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a kan titi. Khulu Hadebe ma ya taso ya jingina da shingensa.

Mabhena ya karɓi wayar Takunda ya riƙe a tafin hannu.

"Sajan, kai Linet mota."

"Yallaɓai, don Allah! Ban taɓa ta ba! Ku tambayi kowa!"

Sajan ta kama ta a gwiwar hannu. Linet tana turjewa, takalminta ɗaya ya fita, matan cocin suka katse waƙa. Mabhena bai kalle su ba, gilashin yake kallo. 'Yar jar zuciyar nan da ke tafiya a natse ta fara sauri, ta ƙara sauri, har ta koma kamar ta wanda ya hau tudu da kaya.

"Takunda, ana iya magana ta cikin agogon?"

"'Yarta tana iyawa."

Mabhena ya kira ta da tasa wayar. "Ki yi wa uwarki magana ta agogo. Kada ki tambaye ni dalili."

Titi ya yi tsit. Sai wata ƙaramar murya mai rawa ta fito daga bakin shinge, daga cikin hannun kwat ɗin reluwe.

"Mama? Mama, kina ji na?"

Hannun dama na Khulu Hadebe ya tafi da kansa zuwa wuyan hannun hagu, don ya danna ya amsa kamar yadda ya saba. A nan ya tsaya. Ya dubi mutane, ya dubi Linet da ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Ku sake ta," ya ce. "Yarinyar nan ba ta san komai ba. Ko gaisuwa ba ta iya ba, balle kisa."

Suka shigar da shi falon Gogo. Bango ya ce, "Sannu da dawowa, Mama. Ki zauna ki huta." Tsohon ya zauna. Mabhena ya ajiye waya a kan tebur, Sithabile tana ji.

"Tun farkon damina muke haka," in ji Khulu Hadebe. "Da sassafe ta miƙo mani agogo ta shinge, ta ɗauki fartanya ta tafi gonarta. Ni kuma in shigo in tafasa ruwa, in buɗe akwatin magani in rufe, in zauna a kujerar nan ina sauraren rediyo har ta dawo. Ladana tuwo da ganyen kabewa. Ta ce ni ne ita har azahar."

"Ranar Alhamis fa?"

"Azahar ta wuce ba ta dawo ba. Na bi ta da baro, na ce ko kaya ne suka yi mata yawa. Na same ta kwance a cikin masara, santsi ya kwashe ta. Na kawo ta gida, na rufa mata buhu don kada a gani."

"Agogon yana hannunka."

"Yana hannuna."

"Maɓalli ɗaya ne, Khulu. Motar asibiti ta zo."

"Na sani, ɗana. Na kai yatsa. Sai ta riƙe mani hannun riga. Ta ce, 'Hadebe, in ka danna, yarinyar nan za ta kai ni gidan tsofaffi. Ta rantse in na sake faɗuwa can zan ƙare. Ka kwantar da ni a gadona, gobe zan tashi.' Na ce MaNkiwane, ƙafarki ta juya. Ta ce, 'Ƙafata ce ko taka?' Ka san ta... a'a, ba ka san ta ba. Ba a yi mata gardama."

"Sai ka zauna kana kallo."

"Na ba ta ruwa. Na sake roƙonta, ta juya mani baya. Rana na faɗuwa ta daina amsa mani."

Sajan Tshuma ta daina rubutu.

"To ta mutu," in ji Mabhena. "Alkawari ya ƙare. Me ya hana ka fito ka faɗa?"

Tsohon ya dubi agogon da ke hannunsa.

"Na gyara ta, na ce da safe zan je wurinku. Da safe abin nan ya ce, 'Mama, kin tashi lafiya?' Da muryar yarinyar da na ɗauka a kafaɗa tana ƙarama. Na ce bari in bar ta ta yi yini ɗaya tana da uwa. Sai na danna. Da na danna kuma dole in tafasa ruwa. Na so in cire shi, na tuna in ya ji ba hannu zai yi ihu. Yau ma na ce gobe."

"Ba ka san ba ta kunna komai ran Asabar ba?"

"Ina zan sani? Ba ta zuwa gona ran Asabar, ban taɓa zama ita ran Asabar ba. Ni ranar a gidan giya nake yini."

Wayar da ke kan tebur ta yi wata ƙara kamar an shaƙe mai magana.

"Khulu," in ji Sithabile. "Tsoratar da ita kawai nake yi. Ni da nake wanke tsofaffin wasu a irin gidan nan kullum, zan kai tawa? Ko wurin ban taɓa nema ba."

"Ita dai ta yarda, 'yata," in ji tsohon. "Ni ma na yarda."

Mabhena ya juya hularsa a hannu. Matar ta zaɓi gadonta, mutumin ya bi maganarta, 'yar ta yi barazana saboda ƙauna, Linet ta bar wa inji aikinta, Takunda ya ci dankali. Ya rasa inda laifin ya fara. Amma doka ba ta tambaye shi wannan ba. Abin da ta sani shi ne an bar mai rauni ba taimako, an ɓoye mutuwa, kuma akwai hannun da maɓallin yake a kai.

"Tashi mu je, Khulu. Sauran bayani a gaban alƙali."

Sajan Tshuma ta ciro ankwa, ta dubi siraran hannuwan tsohon, ta mayar da ita aljihu.

"Ki cire mani wannan dai, 'yata," ya ce. "Ya fi ankwa nauyi."

Ta kwance madaurin, ta ajiye agogon a kan tebur kusa da butar. A wayar Takunda 'yar jar zuciyar ta buga sau ɗaya, ta tsaya.

Suka fito. Matan cocin suka buɗa musu hanya, Linet tana zaune a bakin kwata da takalminta a hannu, ba ta ɗago ba. Mabhena ya buɗe wa tsohon ƙofar baya da kansa, ya dafa masa kai kada ya bugu.

Direba ya tayar da mota ke nan sai fitilun gidan suka fara kunnawa suna mutuwa, jiniya ta ɗauka. Daga kowane ɗaki muryar Sithabile ta fito da ƙarfi, har kan titi.

"Mama ba ta motsi! Duk wanda ke kusa ya taimaka! Mama ba ta motsi!"

Khulu Hadebe ya juya yana kallon gidan ta gilashin baya.

"Yanzu gidan ya sani," ya ce.

Mabhena ya ce wa direba su tafi.